Taura Biyu Ba Ta Taunuwa

Gafakar kakana tana wurina. Fatarta ta yi baƙi don shan hannu, maratayinta ya tsinke an ɗaure da igiyar rama, amma takardun da ke ciki ko gara ba ta taɓa su ba. Ranar da ta zo hannuna, bayan rasuwar mahaifina, na ɗauka laƙani ne da addu'o'i irin waɗanda tsofaffi ke ɓoyewa. Da na buɗe sai na tarar da lissafi. Ƙunshi huɗu ne na takardu da rubutun ajami, kowane an ɗaure shi da zarensa. Mai baƙin zare na gona ne. Mai ja na goro. Mai fari na makarantar allo, wato kuɗin Laraba da damman hatsin da iyayen yara ke kawowa da kaka. Na huɗun da kaba aka ɗaure shi, na dabbobi ne: tumakin da ake turkewa a gida, da 'yan shanun da ya ba wani Bafulatani kiwo can kudu wajen dajin Falgore.

Malam, haka duk muke kiransa har 'ya'yan cikinsa, manomi ne, ɗan kasuwa, malamin allo, kuma mai kiwo. A ƙauyenmu da ke tsakanin Bebeji da Kiru ba wanda ya ɗauki wannan abin a zo a gani, don maƙwabcinsa ma manomi ne, masaƙi, kuma mai awo ranar kasuwa. Abin da ya tsaya mini a rai bayan na girma shi ne ban taɓa ganin Malam yana gaggawa ba. Ni abu uku na haɗa, koyarwa da noman rani da sayen shinkafa, amma kullum kamar an biyo ni. Shi ya sa na zauna da waɗannan takardu, na kuma bi tarihin garin, ina neman inda muka saki layi.

Bebeji tsohon garin fatake ne. Baturen nan Clapperton ya ratsa ta cikinsa a 1826, yana kan hanyarsa daga Zariya zuwa Kano, ya ƙiyasta mutanensa sun haura dubu 20, ya kuma lura cewa ciniki ne ya fi ƙarfi a wurinsu. Garin yana bisa hanyar kudu, wadda duk mai fita daga Kano zuwa Zazzau zai bi, kuma ta nan ne sojojin Turawa suka ɓullo a 1903, suka fasa ƙofar Bebeji da igwa kafin su shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu. A ƙarni na 19 Agalawa, waɗanda kakanninsu suka gangaro daga wajen Azbin, sun zauna da yawa a wannan yanki, Bebeji da Madobi da kewaye. Su da Tokarawa da Kambarin Barebari ne suka riƙe fataucin goro zuwa Gwanja.

Wanda bai san yadda ayari yake tafiya ba zai zaci taron mutane ne da jakai kawai. Tafiya ce ta watanni: a ɗauki kanwa da turkuɗi da riguna da jar fata, a ƙetare Kwara, a ratsa Bargu, a bi ta Yandi har Salaga, a saro goro a juyo. Mutum ɗaya ba ya riƙe wannan duka a kansa, kuma ba a taɓa ɗora masa ba. Madugu shi ne uban tafiya, shi ke yanke ranar tashi, shi ke magana da sarakunan ƙasashen da aka ratsa. Jagaba yana gaba, shi ya san hanya da mashaya da inda za a yi zango. Uban dawaki shi ke tattara kuɗin fito da na gaisuwar sarakuna daga hannun fatake gwargwadon kayan kowa. Akwai malamin ayari, mai duba ranar sa'a, mai jan salla, mai rubuta abin da ya kamata a rubuta. Shi kuwa falke, da an sauka zango, aikinsa ɗaya ne: ya kwance huhu, ya tsince wanda sankara ta ci, ya sauya ganye, ya yayyafa ruwa, ya sake ɗaurewa. Goro ba ya yafe sakaci. In ka bar shi kwana kaɗan ba ka duba ba, ɗaya zai ɓata ƙwarya, ƙwarya ta ɓata huhu. Da falke zai raba hankalinsa tsakanin goronsa da neman hanya da rigimar mai fito, da ba abin da zai kai Kano sai ganye.

A cikin wannan tsari aka haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji a 1877. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne, ya rasu yana yaro, mahaifiyarsa ta tafi Ankara, wata tsohuwa mai suna Tata ta rene shi, daga nan sunan ya samo asali. Ya sha wuyar yaƙin basasar Kano na Tukur da Yusufu, wanda aka fara a 1893. Daga baya ya bi sahun mahaifiyarsa, ya kuma kasance cikin na farko da suka gane cewa a ɗora goro a jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko ya fi a yi wata uku ana kora jaki. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga kaya a 1912, gyaɗa ta yi daraja, sai ya shiga sayenta. A 1918 Kamfanin Neja ya ɗauke shi ya riƙa saya masa. Labarin kuɗin azurfa kayan raƙumi 20 da ya kai banki a 1929 kowa ya san shi a Kano. Ya rasu a 1955 yana attajirin da babu kamarsa a Afirka ta Yamma.

Mutane sun fi son labarin raƙuman. Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne yawan harkokin da ya riƙe a lokaci guda, goro da gyaɗa da shanu da tufafi da duwatsun wuya, kuma bai tsaya a kan ko wanne da hannunsa ba. Yaransa ne a garuruwa, kowa an danƙa masa jari da fanninsa, kowa zai dawo ya yi lissafi. A ganina ɗan madugu ne ya ɗauko tsarin ayari ya shimfiɗa shi a kan kasuwanci na zamani: kowa da aikinsa, shi kuma nasa aikin shi ne ya san wa zai amince wa, ya kuma zauna ya karɓi lissafi.

Kakana bai kai ko ƙurar wannan ba. Amma mahaifinsa ya taka Gwanja da ƙafa a bayan wani madugu, kuma abin da ya koyo can shi ya zuba wa ɗansa. Shi Malam a jirgin ƙasa ya yi nasa fataucin. Da an gama girbin dawa, an ɗaure dammuna an zuba a rumbu an liƙe, sai ya hau jirgi a tashar Dangora ya nufi Kurmi, Agege ko Shagamu, inda Yarabawa suka dasa goro kuma Hausawa suka kafa zango. Yakan ce da ya ga hadari ya fara haɗuwa a Shagamu ya san lokacin ɗaure kaya ya yi, don ruwan Kurmi yana riga namu da wajen wata biyu. Waɗannan watanni biyu su ne na kai taki gona da sharar ta da gyaran dangar gida. A duk takardun jan zare ban ga ciniki ko na ƙwarya ɗaya da aka rubuta a tsakiyar damina ba. Da an yi shuka, goro ya rufe baki sai kaka.

Na taɓa tambayarsa, ina ɗan shekara goma sha biyu, muna zaune a zaure yana gyara alƙalamin kara.

“Malam, tun da goro ya fi tsada da damina, me ya sa ba ka sayarwa lokacin?”

Ya dube ni ya ce, “Abokina, taura biyu ba ta taunuwa. In na je kasuwa da marka, wa zai tsaya wa gero? Ribar goro ta wata ɗaya ce, yunwa kuwa ta shekara.”

Agogon da yake bi taurari ne. Watannin Musulunci suna zagaya shekara, azumi ya zo bana da ɗari, bayan wasu shekaru ya zo da bazara, don haka ba a iya shuka da su. Sai malaman ƙasar nan suka riƙe lissafin taurari 28, kowanne kwana 13, ɗaya yana da 14, jimla kwana 365, bakwai-bakwai ga bazara da damina da kaka da ɗari. Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, haka nake jin yana jero na damina. Manoma sukan tsaya a ƙofar zaure bayan sallar asuba su ce, “Allah gafarta Malam, yau kwana nawa ga tauraron nan?” Ya ƙirga a yatsa ya faɗa musu. Daga amsarsa mutum zai san ko ya makara da noman firi, ko lokacin maimai ya yi, ko ya daina sa ran shuka za ta kai. Kowane aiki yana da ƙofar shiga da ta fita, kuma ba mai gona ne ya kafa su ba, balle ya ce zai ɗaga.

Yinin ma haka aka yanka shi. Gidanmu gandu ne, Malam da 'ya'yansa uku da suka yi aure duk tukunya ɗaya. Daga hantsi zuwa azahar kowa yana gonar gandu, a can ake kai musu fura. Da an yi azahar an sallami kowa: mai gayauna ya tafi gayaunarsa, mai saƙa ya hau masaƙa, mahaifina ya ɗauki ɗinkin hularsa. Abin da ka samu bayan azahar naka ne, maigida ba ya tambaya. Shi kuma a wuyansa abinci yake, da haraji, da iri da fartanya, da auren fari na kowane ɗa. Ranar Juma'a ba a fita gandu. Karatun yara kuwa da asuba ne da kuma dare a gindin wutar kara, Alhamis da Juma'a a huta. In ya tafi Kurmi, babban gardinsa ke riƙe makarantar, kuma a ƙunshin farin zare na ga inda ya rubuta rabon gardin daga hatsin sadaka, shekara bayan shekara, ba a taɓa tsallakewa ba.

Amma a gidan nan wadda ta fi kowa iya wannan lissafi ba ta san ko alif ba. Iya, kakata, tana cikin kulle, ba ta taɓa zama a kasuwa ba, ga ta da sana'a uku: ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, daddawa, da kaɗin zare. Asusu uku ta binne a ɗakinta, a ƙarƙashin gado, kowanne da sana'arsa. In 'yar talla ta dawo, Iya za ta zauna ta ware uwar kuɗi tukuna ta ƙulle a bakin zane, sannan ta jefa riba a asusun da ya dace. Kuɗin ƙuli ba ya sayen kalwa. Kuɗin daddawa ba ya sayen auduga. In biki ya taso, daga riba za a yi, in riba ba ta kai ba a ba da haƙuri. Abin da ya taru kuma ba ya zama kuɗi, sai ya koma tasa da langa a jere a bango, ko tunkiya, inda hannu ba zai kai gare shi da sauƙi ba. Wata rana na roƙe ta kwabo daga ƙullin bakin zanen, ta ce, “Maigidana, wannan uwa ce. In ka yanka uwa, wa zai haifa maka 'ya'ya?” Ta sa hannu a wani wuri dabam ta ba ni.

Ba zan yi wa zamanin nan kwalliyar da ba tasa ba. Natsuwar manyan madugai na ƙarni na 19 a kan wuyan bayi ta tsaya. Mutum yana iya shekara a hanyar Gwanja ne don akwai waɗanda ke duƙe a rinjinsa ba da son ransu ba, kuma da yawa daga masu ɗaukar kayan ayari su ma bayi ne. Ko bayan an hana bauta, wannan tsari na mai hatsi a rumbu ne. Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina a 1967, daga baya kuma a Ɗorayi kusa da Kano, ta nuna abin da duk ɗan ƙauye ya sani: talaka yana sayar da hatsinsa da kaka lokacin da ya fi araha, rumbunsa ya ƙare kafin shuka, sai ya tafi ƙwadago gonar wani a daidai kwanakin da tasa gonar ke neman noma. Shi ba ya cikin masu zaɓen wace taura za su fara taunawa. Na san gidaje a ƙauyenmu da haka suka rayu, wasunsu a gonar Malam suke ƙwadagon.

Abu na farko da tsofaffi ke ambata in ana zancen rikicewar shekara shi ne ɗiban gwamna. Ƙasar nan ta san kuza tun kafin Turawa. A Riruwai, hedkwatar Doguwa ta yanzu, an daɗe ana haƙo ta ana narkarwa, fatake suna sarin ta. Da Turawa suka buɗe ma'adinan Jos da Bukuru, samari sukan tafi cin rani can don neman kuɗin haraji, su dawo kafin ruwa. Amma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan Japan ta ƙwace Malaya inda Ingila ke samun kuza, sai daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗibar mutane da ƙarfi daga lardunan Arewa ana kai su haƙa, ba ruwan kowa da damina ce ko rani. Mutane da yawa sun mutu da sanyi da yunwa da cuta, gonaki suka kwanta. Aikin kuza ɗin dai shi ne wanda suka saba zuwa da ƙafarsu. Ɗauke shi daga lokacinsa, da tilastawa, su suka mai da shi masifa.

Na biyun alheri ne, ba mai musu, amma shi ya fi sauya mu. Bayan an sha farin 1973, a 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji, zamanin Gwamna Audu Bako. An tashi ƙauyuka da dama don tafkin ya samu wurin kwanciya. Ruwa ya bi magudana zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, alkama da tumatir da shinkafa suka fito a watannin da a da ba a ganin kore sai a fadama. A shekarun 1980 zuwa 1990 kuma ƙananan injinan ban ruwa da rijiyoyin burtsatse suka bazu, har wanda ba ya kusa da magudana ya shiga noman rani. Kuɗi ya shigo, rufin kwano ya yawaita, samari da yawa suka daina tafiya cin rani. Sai dai rani, wanda shi ne filin fatauci da saƙa da karatu da gyaran gida, ya zama wata damina ta biyu. Sauran sana'o'in ba su tafi ko'ina ba, sai suka hau kan juna. Gandu ya watse a yawancin gidaje, kowa ya zama shi ne madugu, shi ne jagaba, shi ne mai tsince goro. Da wayar hannu ta zo bayan 2001, ta ƙarasa rushe katangar azahar. Ina tsaye gaban allo a aji mai ban ruwa zai kira ni inji ya tsaya, ina bakin inji dillali zai kira daga kasuwar Tudun Wada shanshera ta sauko.

A 2016 na ga iyakar wannan da idona. Shekaru ina sayen shanshera da kaka a Tudun Wada in ajiye, in fitar in ta yi kuɗi, ina kuma ɗan noman tumatir a gefe. A shekarar nan na ga kamar tumatir zai yi tsada, sai na sayar da shinkafar tun lokacinta bai yi ba, na haɗa uwa da riba na kama hayar fili ninki uku na wanda na saba. Sai ga tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon, wadda ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa. Cikin mako biyu gonar ta koma kamar an bi ta da wuta. Tsutsa ƙaddara ce, ta ci na kowa. Amma ba ita ta ci shinkafata ba, ni na kai mata da hannuna. Albashina ya tafi biyan bashin taki da magani, kuma abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne 'yan ajin da nake koyarwa a zangon nan, don jikina ne kawai yake zuwa. Da na riƙe ƙa'idar Iya, da asusu ɗaya ne ya fashe.

Bayan wannan ne na koma ga gafakar da idon mai neman magani. Taurari ba za su sake raba mini shekara ba, ruwan Tiga ba ya duban Zira'a. Abin da na iya ɗauka shi ne wanda yake hannuna. Na sayi littafi uku, kowanne da harkarsa. Gonar rani na danƙa wa ƙanena a kan kaso sananne, muna zama lissafi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ba ya kirana kafin nan sai in gobara ce. Waya tana cikin aljihun babur har a tashi daga makaranta. Bashin da tumatir ya ci na shinkafa na rubuta shi a littattafan biyu, duk rani ana rage wani abu.

Wannan ma a wurin Malam na gani. A ƙunshin baƙin zare akwai wata takarda ta shekarar fari, 1973, shekarar da aka sauya kuɗi zuwa naira amma shi bai daina rubuta fam da sule ba. Gero bai yi ba, dawa ta tsaya a kara, gida mai mutum kusan talatin ya doshi bazara da rumbu rabi. Dole ya taɓa jarin goro ya sayi hatsi. Ga abin da ya rubuta: gona ta ci bashin goro fam goma sha huɗu. Na buɗe ƙunshin jan zare, na tarar da layin a can ma, ranar ɗaya, da tawada ɗaya: goro yana bin gona fam goma sha huɗu. Kuɗinsa ne, gonarsa ce, goronsa ne, ba wanda zai tambaye shi. A ƙasan kowane layi, da wata tawada da ta fi baƙi, akwai ƙarin rubutu na kaka biyu da suka biyo baya. Na farko fam tara. Na biyu fam biyar, sannan kalma ɗaya a gefe: ta biya.